Simfoni Na Biyar Na Beethoven: Faifan Wa Za Mu Saurara?

 Yau nisan kiwo za mu yi, sai birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mu kuma koma baya shekara ɗari biyu da 'yan kai. Amma kafin in yi nisa, ku ɗan kasa kunne.

[A sa kiɗa: buɗin simfonin, daƙiƙa goma sha biyar]

Gajeren bugu uku, na huɗu a ja shi. Na tabbata wannan sauti ba baƙo ba ne a kunnen da yawanku. Wani a talla ya ji shi, wani a fim, wani kuwa wayar abokinsa ce ke wannan kuka in an kira. To, buɗin simfoni na biyar ke nan na Ludwig van Beethoven, Bajamushen da aka haifa a garin Bon a 1770, ya kuma yi yawancin rayuwarsa a Biyana. Ga wanda bai saba da kalmar ba, simfoni dogon kiɗa ne, galibi ba waƙa a ciki, wanda makaɗa sittin ko tamanin, wani lokaci har fiye, suke taruwa su yi tare: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙaho da kakaki, da mai tambura. Akan raba shi zango huɗu, kowane zango da irin tafiyarsa.

Abin da ya jawo maganar, kwanakin baya wani ɗan maƙwabcina, ɗalibin jami'a, ya same ni a ƙofar gida da waya a hannu. Ya ce, "Baba, kiɗan nan da na ji kana saurare, na neme shi a YouTube, sai ga su sun fito rututu. Wani minti bakwai, wani talatin da uku, wani arba'in. Wanne ne na ainihin?" Na ce masa, "Zauna ɗana, na ainihin da kake nema babu shi a duniya." Ya ɗauka zolayarsa nake yi.

Ga dalili. Beethoven ya rasu ranar 26 ga Maris, 1827. Sai a 1877, shekara hamsin cif bayan nan, Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke ɗaukar sauti ta maimaita shi. Saboda haka babu faifai ko guda da ke ɗauke da yadda mai kiɗan ya jagoranci abinsa. Ko da ma a ce akwai na'urar a lokacin, ba na jin za ku so faifan. Ranar 22 ga Disamba, 1808 aka fara kaɗa wannan simfoni a wani gidan wasa na Biyana, cikin tsananin hunturu, zauren ya yi sanyi ƙalau, makaɗan ba su sami isasshen gwaji ba, ga shi an cika shirin da kaɗe-kaɗe har ya ci awa huɗu. A kiɗan ƙarshe na daren sai da abin ya cakuɗe, Beethoven ya tsayar da su aka sake daga farko. Abin da ya bar wa duniya takarda ce, mai ɗauke da alamomin abin da kowane makaɗi zai kaɗa ko zai busa.

A nan ne al'adarmu da tasu suka raba hanya. A wurinmu waƙa ba ta rabuwa da mai ita. In ka ce Shata, muryar Shata kake nufi da kalangunsa, kuma duk wanda ya ɗauki waƙarsa ya yi, sunan abin kwaikwayo. In kuwa muna neman abin da ya yi kusa da nasu, sai mu duba rubutacciyar waƙa. Ɗauki Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi. Baitukan suna nan a takarda ba su canza ba, amma wanda ya taɓa jin gwani yana rera ta a bakin kasuwa, ya kuma ji ɗalibi yana karanta ta a aji don malam ya tilasta shi, ya san cewa wani kan sa ka tsaya cak da kaya a kanka, wani kuwa ka wuce abinka. Haka simfoni yake. Kowane faifai karatun mutum ɗaya ne, da ƙungiya ɗaya, a rana ɗaya.

Wannan mutum ɗaya shi ne wanda kuke gani tsaye gaban makaɗa, ya ba jama'a baya, yana wasa da 'yar sanda. Yara in sun gan shi a talabijin sukan ce mai ba da hannu ne. Ni madugu nake kiransa, don shi ke faɗin inda za a yi sauri, inda za a sassauta, da inda za a yada zango. Yawancin aikinsa ma ba a gani, a wurin gwaji yake yin sa kwana da kwanaki kafin ranar taro.

Wani zai ce, tunda komai a rubuce yake, me ya rage wa madugu? Abu da yawa. Ku tuna bugu na huɗun nan da aka ja. A kansa Beethoven ya sa alamar da ke nufin a riƙe, amma bai ce daƙiƙa nawa ba. Wani madugu zai riƙe shi har ka ɗauka ya manta, wani zai sake shi nan da nan kamar ya taɓa garwashi. Takarda takan ce a kaɗa da ƙarfi, amma ƙarfi hawa-hawa ne, kuma in mutum saba'in suna kiɗa tare, dole wani ya yanke hukuncin wa za a fi ji. Akwai kuma wuraren da aka ce a koma a maimaita wani dogon yanki. Wasu madugai sukan bi, wasu su tsallake. Wannan kaɗai ya isa ya sa faifai biyu su bambanta da mintoci.

Babbar rigimar kuwa ta gudu ce. A 1817 Beethoven ya fitar da ƙididdigar gudun simfoninsa takwas na farko, da taimakon wata na'ura sabuwa a lokacin, metironom, wadda ke ƙyas-ƙyas kamar agogo. A zangon farko na wannan simfoni ya ce bugu 108 a minti ɗaya. Gudu ne na fitar hankali. Shekara fiye da ɗari manyan madugai da dama suka yi kunnen uwar shegu da wannan lamba. Wasu suka ce na'urarsa ce ta lalace, wasu suka ce ai kurumta ta riga ta ci ƙarfinsa, a ƙwaƙwalwarsa kawai yake jin abin. Ga kuma wani labari da sakatarensa Anton Schindler ya baza, wai Beethoven ya ce bugun nan huɗu ƙaddara ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. Masana sun daɗe da gano cewa Schindler mutum ne mai ƙarin gishiri, har ƙirƙirar rubuce-rubuce ya yi a littattafan hirar maigidansa, waɗanda ake rubuta masa magana a ciki saboda kurumta. Amma labarin ya riga ya shiga, kuma madugun da ya gaskata shi zai kaɗa buɗin nan da nauyi, a hankali, kamar ana dukan ƙyauren ƙarfe.

To bari mu shiga faya-fayan. A watan Nuwamba na 1913 Arthur Nikisch ya ɗauki wannan simfoni da babbar ƙungiyar makaɗan Balin, a faifan garmaho huɗu, gaba da baya. Lokacin ba a ɗaukar faifai da makirufo. Makaɗa sukan cunkushe gaban wani babban mazurari, ƙarfin sautinsu ne ke motsa allurar da ke zanen faifai, kuma duk bayan minti huɗu ko makamancin haka sai a tsaya don gefen faifan ya cika. Wannan ɗauka tana nan a intanet. Ku saurare ta sau ɗaya don ganin daga inda aka faro, amma ba ita za ku zauna da ita ba.

Bayan an fara ɗauka da lantarki a 1925, mutum biyu ne suka raba masu sauraro gida biyu, har yau ba a shirya ba. Na farko Arturo Toscanini, mutumin Italiya, mai zafin rai, wanda a 1931 'yan fasist suka mare shi a birnin Bolonya don ya ƙi kaɗa takensu. A Amurka gidan rediyon NBC ya kafa masa ƙungiyar makaɗa sukutum a 1937, don kiɗan ya riƙa shiga gidajen mutane kai tsaye. Toscanini ya ɗauki takarda tamkar doka. In ka saurari faifansa na 1952 za ka ji kiɗa kamar faretin soja, kowane bugu a kan lokacinsa, ba ɗaga ƙafa. Aibinsa, sautin a bushe yake, kuma wani lokaci mutum kan so a bar shi ya numfasa.

Na biyu Wilhelm Furtwängler, Bajamushe, wanda shi a wurinsa takarda mafari ce kawai. Gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya: yakan lafa har kiɗan ya kusa tsayawa, sannan ya zabura kamar an saki doki a filin sukuwa. Shi ya ci gaba da zama a Jamus zamanin Hitila har kusan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wannan tabo ya bi shi har kabari. Akwai ɗaukar da aka yi masa a Balin a 1943, ana tsakiyar yaƙi. Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru, tun daga 1941, gidan rediyon BBC a Landan yana buga wannan bugu huɗu a ganga don buɗe shirye-shiryen da yake aika wa ƙasashen da Jamus ta mamaye, saboda a saƙon tangaraho gajere uku da dogo ɗaya shi ne harafin V, harafin farko na kalmar nasara a Turanci da Faransanci. Kiɗa ɗaya, kowane ɓangare na cewa nasa ne. Bayan yaƙi aka hana Furtwängler aiki har sai da aka bincike shi aka wanke shi, ya dawo gaban makaɗan Balin a watan Mayu na 1947, garin yana kufai, kuma wannan simfoni na cikin abin da ya kaɗa. Ɗaukar wancan makon tana da tari, tana da shuu na tsohuwar na'ura, makaɗan ma ba koyaushe suke faɗowa tare ba. Duk da haka ni dai ban taɓa sa ta ina wani aiki ba. Dole in ajiye abin da ke hannuna.

Sai Otto Klemperer, wanda ya gudu daga Jamus a 1933 saboda asalinsa Bayahude ne, ya sha jinya iri-iri, ya kuma yi tashensa na ƙarshe a Landan da ƙungiyar Philharmonia yana dattijo. Faifansa na 1959 yakan kai kusan minti arba'in. Tafiyar giwa yake yi, amma a cikin wannan nawa za ka ji kowace sarewa da kowane ƙaho a fili, ga shi yakan raba masu ƙananan goge gida biyu, wasu hagu wasu dama, sai ka ji suna amsa wa juna daga kunne zuwa kunne. Lokacin da Amurka ta harba kumbon Voyager guda biyu a 1977, ta liƙa wa kowannensu faifan zinariya mai ɗauke da sautukan duniya, kuma zangon farko na wannan simfoni da ke ciki na Klemperer ne.

Sunan da za ku fi cin karo da shi kuwa Herbert von Karajan. Sau huɗu ya ɗauki simfonin Beethoven duka tara a faifai. In za ku ɗauki nasa, ku nemi na 1962 da makaɗan Balin, wanda aka ɗauka a wani coci mai daɗin amsa-kuwwa. Akwai ƙarfi, akwai sheƙi. Na shekarun 1980 kuwa, a kunnena, an goge shi har ya yi santsi, Beethoven kuma ba mutum ne mai santsi ba.

Yanzu ga uba da ɗa. Erich Kleiber shi ne shugaban kiɗa na babban gidan opera na Balin, ya ajiye aikin don bai yarda da 'yan Nazi ba, ya bar ƙasar a 1935, daga baya ya zauna a Ajantina. A 1953 ya ɗauki wannan simfoni da makaɗan Amsterdam, aka yi shekara ashirin ana kafa misali da faifan. Ɗansa Carlos, wanda ya tashi a Kudancin Amurka, uban bai so ya bi wannan sana'a ba, har sai da ya fara karatun kimiyyar haɗa sinadarai. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Carlos Kleiber ya zama madugu mai wuyar sha'ani: ba ya hira da 'yan jarida, yakan nemi gwaji mai yawa, yakan fasa taro in abin bai yi masa ba, kuma faya-fayan da ya yarda aka fitar ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. A 1974 ya shiga zauren Musikverein na Biyana da babbar ƙungiyar makaɗan garin, kamfanin Deutsche Grammophon ya ɗauka. Minti talatin da uku ne da 'yan kai. Ku ji yadda ya buɗe.

[A sa kiɗa: Carlos Kleiber, 1974, minti ɗaya na farko]

Kun ji bai tsaya ƙwanƙwasa ƙofa ba, bankaɗe ta ya yi. Abin da ya sa ake yabon wannan faifai shi ne ya haɗa zafin Toscanini da numfashin da Toscanini ya rasa, ga sauti mai kyau wanda bai tsufa ba. Ya rasu a 2004, kuma a 2011 da wata mujallar kiɗa ta BBC ta tambayi madugai ɗari wa suka fi girmamawa a sana'ar, shi ya zo na ɗaya.

Akwai kuma wasu da suka taso daga baya suka ce duk an yi sake. Hujjarsu ita ce kayan kiɗan zamanin Beethoven ba irin na yau ba ne: tsirkiyar goge ta hanjin dabba ce maimakon ƙarfe, ƙaho ba shi da maɓallai, tambura fatar maraƙi ce ana dukanta da sanda mai tauri, makaɗan ma ba su kai na yanzu yawa ba. Suka nemo irin waɗannan kaya, suka kuma ce lambar 108 ɗin nan a bi ta a gani. Roger Norrington ya yi haka a Landan a ƙarshen shekarun 1980, John Eliot Gardiner ya fitar da nasa a 1994. Faifan Gardiner bai wuce rabin awa da kaɗan ba. Sautin siriri ne, mai kaifi, tambura na fashewa kamar bindiga, ƙaho na da ɗan kaushi. Ranar da na fara ji na ce waɗannan kora ake yi musu? Da na saba sai na gane cewa abubuwan da ke nutsewa cikin taron goge a manyan ƙungiyoyi, a nan duk sun taso sama. Ba da shi zan ce ku fara ba, amma wanda bai ji shi ba bai gama sanin simfonin nan ba.

To yaya mutum zai auna da kunnensa, ba sai ya jira wani ya gaya masa ba? Kusan kowa buɗin yake ji ya yanke hukunci, alhali buɗin kowane madugu na iya burgewa. Ni wurare biyu nake zuwa. Na farko yana cikin zangon farko, bayan an ci kamar minti huɗu da ɗoriya. Ana tsakiyar guguwa sai kowa ya yi tsit, a bar mai busa obo shi kaɗai. Obo 'yar'uwar algaita ce, da bakin kara ake busa ta, sai dai muryarta ta fi taushi. Zai yi ɗan kukansa na daƙiƙa goma sha wani abu, sannan guguwar ta dawo. Madugun kirki yakan ba shi fili ya yi kamar mutum ne ke magana. Na banza yakan wuce da shi kamar an tsaya a shingen hanya.

Wuri na biyu shi ne ainihin zakaran gwajin dafi, kuma yana gwada madugu, ya gwada injiniyan da ya ɗauki sautin, ya gwada har na'urar da ke hannunka. A ƙarshen zango na uku kiɗan yakan yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya koma kamar raɗa. Mai tambura ne kawai ke ɗan taɓawa a hankali, sauti ɗaya, kamar bugun zuciya, masu goge suna lalube a duhu. Ba a tsayawa tsakanin wannan zango da na huɗu. Sannu a hankali abin ke kumbura, sai kawai ya fashe. A daidai nan ne masu tirombon uku, wato dogon kakakin nan mai zugewa, waɗanda suka yi minti ashirin da wani abu a zaune ba su busa komai ba, suke shigowa a karon farko, tare da 'yar ƙaramar sarewa mai tsini da wata ƙatuwar busa mai gurnani.

[A sa kiɗa: daga ƙarshen zango na uku zuwa farkon na huɗu, minti ɗaya da rabi]

In a faifan da kake saurare ba ka ji bugun tamburan nan ba, ko kuwa raɗar da fashewar duk ƙarfinsu ɗaya, to akwai matsala, ko a faifan ko a wurinka. Kuma sau da yawa a wurinka take. Kiɗan da muka saba ji a waya an matse shi ne yadda daga farko har ƙarshe ƙararsa ɗaya, don a ji shi a cikin mota ko a kasuwa. Simfoni kuwa rayuwarsa tana tsakanin shiru da ƙara. Sifikar waya ba ta iya fitar da muryar ƙaton gogen nan da ya kai tsawon mutum, alhali shi da ƙanensa ne ke buɗe zango na uku. Ka sa mafi kyawun faifai a duniya a sifikar waya, janareto na ruri a bayan ɗaki, rabin kiɗan ya tafi. Iyafis mai ɗan dama-dama, a kunne biyu, da dare bayan gari ya yi shiru, ya fi maka canza madugu sau goma. Na ce kunne biyu don tun daga ƙarshen shekarun 1950 ake ɗauka da sitiriyo, wato abin da ke zuwa kunnen hagu daban da na dama. Mai raba iyafis da abokinsa kowa ɗaya, rabin makaɗa kowannensu ke ji.

Wannan ya kawo mu ga shekarar ɗauka. Kusan duk abin da aka ɗauka kafin tsakiyar shekarun 1950 sauti ɗaya ne dunƙule, kuma yakan zo da shuu. Na Toscanini, da Furtwängler, da Kleiber uba, duk a nan suke. Daga kusan 1958 zuwa yau kuwa, kada shekara ta tsorata ku. Faifan 1962 ko na 1974 ya fi da yawa daga cikin na bana daɗin ji. Akwai kuma bambancin wanda aka ɗauka a gaban jama'a da wanda aka ɗauka a keɓe. Na keɓe akan maimaita wuri sau da dama, a yanka a haɗa mafi kyau, shi ya sa ba ka jin kuskure. Na gaban jama'a akwai tari da motsin kujera, amma makaɗan sun san babu komawa baya, kuma wannan sani yakan fito a hannunsu.

In kun shiga nema, abu huɗu za ku duba a jikin abin kafin ku ƙona data: sunan mai kiɗan, sunan madugu, sunan ƙungiya, da shekara. Wanda ya rubuta Beethoven kawai, da hoton gajimare ko na kyandir, bai faɗi waɗanda suka kaɗa ba, ku wuce shi. Sau da yawa ma kwamfuta ce ta kaɗa, ba mutane ba. Mai minti bakwai zangon farko ne kawai, saura uku. Akwai kuma waɗanda aka sa wa gangar disko, abin da ya samo asali tun 1976 lokacin da Walter Murphy ya yi haka har ya hau saman jerin kaɗe-kaɗen Amurka. Ba laifi ga mai rawa, amma wani abu ne daban. Wajen saukewa, matsakaicin inganci yakan ci kamar megabait ɗaya a minti, wato simfonin duka wajen talatin da 'yan kai, mai inganci sosai kuwa ya kusa tamanin. In kuka ga minti talatin da uku a megabait takwas, an matse shi har ya mutu, kuma raɗar nan da muka yi magana a kanta ita ce farkon abin da ke salwanta. Wanda kuma ido ke taimaka wa kunnensa, ya nemi bidiyon madugu Daniel Barenboim da ƙungiyar matasan Larabawa da Isra'ila da shi da Edward Said suka kafa a 1999. Sun kaɗa simfonin tara duka a Landan a 2012, kuma ganin wanda ke busa me yana saurin koya wa mutum rarrabe muryoyin.

Ɗan maƙwabcin nawa da na gama duk wannan bayani sai ya ce, "Baba, ni dai ka faɗa mini guda ɗaya." To ga abin da na gaya masa, ku ma shi zan gaya muku. Ku fara da Carlos Kleiber, 1974. Ana rubuta sunan K, L, E, I, B, E, R, kuma a mafi yawan wurare za ku same shi haɗe da simfoni na bakwai, wanda shi ma riba ce. Kada ku yi ta tsalle daga wannan faifai zuwa wancan a rana ɗaya, kunne zai rikice. Ku zauna da shi mako biyu ko uku, daga farko har ƙarshe, har ku san abin da ke zuwa kafin ya zo. Bayan nan ku sa Klemperer na 1959, za ku ji kamar an ɗaure wa kiɗan dutse a ƙafa. Ku daure masa. Sannan Gardiner, sannan Furtwängler na 1947. A nan ne za ku fara gardama da faifai, kuna cewa a'a, nan ya yi sauri, can ya ja da yawa. Yaron ya dawo mini bayan wata guda ya ce shi Klemperer ya fi kwanta masa, wai Kleiber yana hana shi tunani. Ban yarda da shi ba, amma ban ce ya yi kuskure ba.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Wanda ya gwada, ya aiko mana ya gaya mana wanne ya zaɓa, da kuma ko ya ji bugun tamburan nan na ƙarshen zango na uku. Za mu rufe da zango na biyu, wanda ba mu taɓa ba yau, daga faifan Kleiber ɗa. Ku rage hayaniya, ku ɗan ƙara murya. 

[A sa kiɗa: zango na biyu, har ƙarshen lokaci]